Manomin

Alhamis ta huɗu a Nuwamba, Duluth ta rufe shaguna.
Talotalo ya ƙare a kasuwa tun Talata,
kabewa ta yi tsada,
kowa na ja wa danginsa kujera.
Ranar Godiya, in ji su.
Ni kuwa aiki ya sake ni da azahar,
na tsaya bakin titi ina hura hannu,
sai Loretta ta zuge gilashi:
"Tabawa, shigo, motar da ɗumi."

Shekara uku muna juya tsofaffi tare,
ita ta kama kafaɗa, ni ƙugu,
ban taɓa tambayar ta ina ne gida ba.
Yau na tambaya. Ta yi dariya, ba ta kalle ni ba:
"Ga shi muna tafiya a kansa.
Asibitin ma a kansa aka kafa."

A Cloquet kakarta na zaune kusa da murhu,
kitso biyu farare sun sauko mata har cinya.
Ta ga ina kallo, ta ce:
"Ina da shekara bakwai aka aske shi
a makarantar da aka kai mu ba da son uwa ba.
In ka yi harshen gidanku, sabulu a baki.
Tun da na fito, almakashi bai sake ganin kaina ba."
Ba wanda ya ce uffan.
Tukunya ce kawai ke magana.

Aka zubo shinkafa baƙa, doguwa kamar allura,
mai ƙanshin hayaƙi da ruwan tafki.
Na ce me sunanta?
Wendell, ƙanen Loretta, ya ce, "Manomin."
Na ajiye cokali.
Manomin wa? Manomin ina?
Kalmar garinmu a bakin Ojibwe!
Na gaya musu, tsohuwa ta yi ta dariya har da tari.
Wendell ya ce, "Ai ba noma ta muke ba.
A ruwa take fitowa da kanta.
Mu shiga kwalekwale da sanda biyu,
ɗaya ta tanƙwaro, ɗaya ta kaɗa.
Abin da ya faɗa ruwa ba asara ba ne,
na agwagi ne, da na baɗi."

Na tuna fadamar Hadeja,
babana tsugune, laka har gwiwa,
yana barin kala saboda wanda bai shuka ba.

A can gida mun ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar ta kwana, ta wuni,
ta auna fili, ta kafa shinge,
ta sa wa tafkuna sabon suna,
sannan ta ware rana guda don cewa an gode.
Ni ma da takardar raɓa na shigo.
Hayar da nake biya ba ta taɓa isa wannan ɗaki ba.

Yaba kyauta tukwici.
Na ce Wendell ya auna mini mudu biyu.
Ya faɗi kuɗi.
Ni 'yar mai koda, jikar dillaliya,
da ban taɓa sayen ko allura ba sai na taya,
na ƙirga masa cif, ban nemi ragi ba.
Na sa hannu a takardar da suke yawo da ita
don kada a zuba dattin ma'adinai a ruwan.
Na yi alkawarin Asabar biyu a wata
zan kawo tsohuwa makarantar yara,
inda take mayar musu da harshen da aka wanke mata.

A harshenmu, na ce mata,
wannan lokaci da ke suna ɗaya gare ku: kaka.
Ta gwada faɗa, ta riƙe hannuna.
Ta ce, "Migwec." Na maimaita, na karya shi.
Ta ce in sake.

Muka fito, dusar ƙanƙara ta fara sauka,
shinkafar na kan cinyata, da nauyi kamar jariri.